Saura Tawa: Shekara Ashirin Bayan Yaya Kulu

Shekara ashirin ke nan da muka raka yayata Hauwa'u, wadda duk Argungu ta sani da Kulu, zuwa makwancinta. Ban yi niyyar rubuta komai a kanta bana ba, don ita kanta ba ta son a yi ta jan magana. Jikarta Hadiza ce ta tono ni. Yarinyar nas ce yanzu. Ta zo gaishe ni a gidana da ke Nassarawa, nan Birnin Kebbi, ta zauna tana ba ni labarin wani sabon abu da aka koya musu wajen ƙaro ilimi. Wai likitoci sun fara gane cewa kafin a yi wa mutum aikin baya, yana da kyau ya zauna da masanin halayyar ɗan Adam a yi magana a kan tsoronsa da damuwarsa, don kada rauni ya warke ciwo ya ƙi tafiya. Tana faɗa tana kallona kamar wadda ta riga kowa ganin watan salla. Na bar ta ta gama tsaf, sannan na ce mata sabon abin nan nata, kakarta ta yi shi tun ba a ɗaura auren uwarta ba.

Bari in fara da bayan, tunda a kansa ake magana. Bayan nan shi ya goye ni. Mahaifiyarmu ta faɗi da dakon itace a ka ina ɗan ƙarami, ta kwanta ba ta sake tashi ba har Allah ya karɓi abinsa. Kulu ce, tana 'yar budurwa, ta yi jinyarta, ta kuma raine ni. Shi ya sa har na yi furfura ba ta daina ce mini Auta ba. Da ta yi aure ta kama sana'ar gumi: ta sayi shinkafa da ɓawonta daga manoman fadama, ta jiƙa, ta turara a manyan tukwane, ta shanya, ta kai inji, ta sheƙe. Wanda bai san aikin nan ba gani yake dafuwa ce kawai. Aiki ne na duƙe daga safe har yamma, ga ɗaga tukunya, ga jan buhu. Da shi ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, kuma shinkafarta ba ta da tsakuwa, wannan kowa ya shaida.

Ciwon ya fara mata a ƙugu, ya gangara ƙafar hagu har ɗan yatsa. An yi ƙaho, an yi gashi, an sha saiwoyi, an shafa man zafi har ɗakinta ya koma warin kemis. Duk wanda ya shigo ya ce, “Kulu, ya jiki?” amsa ɗaya ce: “Da sauƙi.” Tana dafa bango za ta tashi, da sauƙi. Gumi na tsattsafo mata a goshi, da sauƙi. Ba ƙarya take yi ba a ganinta, kuma ba ita ta fara ba. Haka muka taso muka tarar. Bahaushe ko yana gargara, in ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce, don cewa babu sauƙi kamar kai ƙarar Ubangiji ne wurin bayinsa. Mu ma masu tambayar mun san amsar kafin mu buɗe baki, sai mu ce Allah ya ƙara sauƙi, mu sa takalmi mu tafi.

Abin da ya fi cin ranta ba sana'ar da ta tsaya ba ne. Salla ce. Ruku'u ya gagare ta, sujada ta gagare ta, ta koma salla a zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana nuni da kai. Malamai sun gaya mata ladanta cikakke ne, ta ce ta yarda. Amma Kulu na da ɗan baƙin tabon sujada a tsakiyar goshi, irin na waɗanda suka daɗe suna kai fuska ƙasa, kuma ta lura yana dushewa. Wata rana na shiga na same ta da ɗan madubi a hannu tana shafa wurin. Da ta gan ni sai ta tura madubin ƙarƙashin matashi, ta ce wai ƙurji take dubawa. Ranar na san abin da ciwon nan yake ƙwace mata.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba. An kwaso mu daga Sakkwato da fayilolinmu, ma'aikata huɗu a tebur ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ke da kujera. Duk da haka zukata cike suke da buri, kowa na ganin yanzu komai zai gyaru. Da wannan ƙarfin gwiwar na je Argungu na ɗauko ta, ba don tana so ba. Aka ɗauki hoton ƙashi a nan Birnin Kebbi, likita ya ce abin ya fi ƙarfinsu, ya tura mu wani babban asibiti can gabas, tafiyar yini guda a mota. A kwance ta yi tafiyar a kujerar baya, duk ramin da muka faɗa sai na ji ta ja numfashi. In na waiwaya, ta ce da sauƙi.

Likitan tiyatar da muka samu dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya duba hotuna, ya ɗaga ƙafarta, ta cije leɓe har ya kusa fashewa. Ya ce, “Hajiya, yaya kika ji?” Ta ce, “Da sauƙi, likita.” Sai ya ajiye biro ya yi murmushi. Ya yi mana bayani cewa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya zame ya danne jijiya, kuma cire abin da ya danne ɗin aikinsa ne, ya iya. Amma ya ce ya sha yi wa mutane aiki, aiki ya yi kyau, hoto ya nuna komai daidai, su kuwa su ci gaba da kuka da ciwo shekara da shekaru. Ya lura yawancinsu da tsoro suka hau gadon tiyata, da shi suka sauko, kuma wuƙarsa ba ta yanka tsoro. Saboda haka ba zai taɓa ta ba sai ta yi 'yan makonni tana zama da wata abokiyar aikinsa, masaniyar halayyar ɗan Adam. A wancan zamanin ban taɓa jin likitan da ya yi haka ba. Ra'ayinsa ne shi kaɗai, daga abin da idonsa ya gani.

Matsalar ita ce ofishin matar yana jikin ɓangaren masu taɓin hankali, ƙofa na kallon ƙofa. Ko da Kulu ta ga inda aka nuna mana, sai ta tsaya cak.

Ta ce, “Auta, bayana ka ciwo, ba kaina ba. Mutumen ga cewa shikai ƙarya nika yi, ko ko hauka gare ni?”

Labari ya kai Argungu kafin mu huta. Babban ɗanta Bello, mai sayar da kifi, ya biyo mu a motar kasuwa ransa a ɓace. Ban ga laifinsa ba. Yana da ƙanne mata biyu a gida, kuma ya san garinmu: yau a ce Kulu ta ga likitan mahaukata, gobe a ce gidansu da taɓi, jibi mai neman aure ya ɗauke ƙafa. Ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, a mayar da ita gida a ci gaba da na gargajiya. Ni ina ganin a gwada. Muka yi ta ja-in-ja a gabanta kamar ba ta wurin, har ta gaji ta ce a mayar da ita wurin dattijon. Tambaya ɗaya ta yi masa: in ta yi abin da ya ce, za ta sake kai goshinta ƙasa? Ya ce alkawari na Allah ne, amma ta wannan hanyar ya fi sa rai. Ta juyo ta dubi ɗanta.

Ta ce, “Bello, koma ga kihinka. In gidan mahaukata na aka samun sujada, a kai ni.”

Matar da ta karɓe ta Bazazzagiya ce, ba ta kai Kulu shekaru ba. Kulu ta sa mata suna Uwar Tambaya, kuma da shi muka san ta har yau. Ni ban taɓa shiga ɗakin ba, a benci nake jira. Abin da na sani daga bakin Kulu na ji, da yamma a masaukinmu, tana ba ni labari rabi da mita rabi da dariya. Ranar farko matar ta ce ya jiki, Kulu ta ce da sauƙi. Matar ta ce madalla, wannan amsar ta Allah ce, godiya ce, kuma ta karɓa. Amma saura tata: ina ne yake ciwo, yaushe, kamar me, kuma me take faɗa wa kanta idan ya motsa? Kulu ta ce ita ba ta iya butulci ba. Matar ta ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gaya wa mai magani inda ke ciwo ba ƙorafi ba ne. Kulu ba ta saki jiki ba sai da ta sa na nemo mata wani malami ɗan Birnin Kebbi da ke koyarwa a garin, ya tabbatar mata haka abin yake. Yayata ba ta sayen shinkafa sai ta tauna.

Da bakin ya buɗe, abin da ya fito ya girgiza ni. Ashe tun ranar da ciwon ya fara, Kulu Inna, mahaifiyarmu, take gani. A ranta ƙashin baya kamar karan dawa ne busasshe, kuma duk sukar da ta ji, alama ce ya fara tsagewa. Tana jiran ranar da za ta duƙa ya ɓalle, ta kwanta yadda mahaifiyarmu ta kwanta, a riƙa juya ta ana share mata jiki. Ita ta yi wannan jinyar da hannunta tana yarinya, ta san kowane lungu nata. Shi ya sa ta sandare jikinta, ba ta juyawa, ba ta miƙa, barci ma rabi-rabi take yi don kada ta motsa ba ta sani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Shekaru tana ɗauke da wannan a ƙarƙashin “da sauƙi”, mu kuma muna amsawa da Allah ya ƙara sauƙi. Ranar da ta gaya mini na fita bayan ɗaki na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa.

Uwar Tambaya ba ta ba ta ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ɗauko siffar ƙashin baya ta roba ta damƙa mata, ta ce ta lanƙwasa, ta murɗa, ta ga ko zai karye. Ta bayyana mata cewa abin da ya sami Inna daban ne da nata. Ta koya mata cewa ba kowane zafi ne ɓarna ba, wani zafin jijiya ce da ta daɗe a firgice take ƙara, kamar karen da ya saba haushi ko ba ɓarawo. Ta koya mata jan numfashi a hankali idan ya taso, da sakin kafaɗu, da yin abu kaɗan ta huta maimakon ta yi duka ko ta bari duka. Ta kuma gaya mata gaskiyar abin da za ta ji bayan aiki, cewa zai yi zafi, zafin kuma ba ya nufin aiki ya lalace. Kulu ta ce mini, “Yarinyag ga ba ta yi min komi ba, surutu dai. Amma jiya na yi kwana har anka yi kiran salla ban sani ba.”

Aka yi aiki, aka dace. Da likita ya zo zagaye ya ce yaya, sai ta ce alhamdu lillahi, sannan ta zayyana masa: wurin ɗinki na zugi, ƙafa ta daina tsamin da take yi, amma tana jin tsoron tashi. Ya ce wannan ita ce amsar da yake nema tun ranar farko. Da aka ce ta taka, ta taka, tana numfashin da aka koya mata. Ba ina cewa magana ce ta warkar da ita ba. Wuƙa ta yi nata, masu gashin ƙashi na asibiti sun yi nasu. Amma na tabbata da Kulun da na ɗauko daga Argungu aka yanka, da ta koma gida ta kwanta tana jiran karyewa, ta ƙi motsi har jikin ya sake ɗaurewa.

A gidana ta yi zaman jinya. Kullum tana ƙara duƙawa kaɗan, yau hannu ya kai cinya, wani mako ya kai gwiwa. Sannu ba ta hana zuwa. Wata la'asar na dawo daga ofis, matata ta tare ni a zaure ta sa yatsa a baki, ta ja ni zuwa ƙofar ɗaki. Kujerar tana gefe, an jingine ta da bango. Kulu na kan tabarma, goshinta a ƙasa. Ta daɗe a haka har na fara tunanin ko tashin ne ya gagara, sai na ga kafaɗunta na rawa. Da ta sallame ta juyo ta gan mu tsaye cirko-cirko, ta goge ido da bakin mayafi.

Ta ce, “Mi kuka kallo? Ba ku taɓa ganin mai salla ba?”

Tsoron Bello bai zama banza ba, an yi maganar a Argungu. Sai dai masu gulma sun rasa abin yi, don Kulu ta riga su. Duk wadda ta zo barka, ita za ta fara gaya mata cewa ta zauna da likitar mahaukata, kuma da ta san haka suke da hankali da tuni ta je. 'Yan matan suka yi aurensu lafiya. Ta koma gumi, amma ta sa aka ɗaga mata murhu, ta bar jan buhu ga masu ƙarfi. Ciwon bai tafi ɗungurungum ba, yakan leƙo lokacin sanyi ko in ta yi ganganci. Bambancin shi ne yanzu in ya zo ta san sunansa, ta san zai wuce, ba ya hana ta barci ko salla.

Daga nan ta zama abin tsoro a wajen dubiya. In ta shiga gaida mara lafiya ya ce da sauƙi, sai ta gyara zama ta ce, “Wagga ta Allah ta, mun ji. Saura tawa.” Wasu su yi dariya, wasu kuwa su fashe da kuka su faɗi abin da ba su taɓa gaya wa kowa ba. Mata masu ciwon ƙugu suka riƙa zuwa wurinta, ta ji nasu, sannan ta kora su asibiti. Ba ta taɓa ɗaukar kanta likita ba. Takan ce ita tambaya ta biyu kawai ta iya.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. Manyan injinan shinkafa da suka cika yankinmu za su burge ta, ko da yake na san sai ta tauna ta ce tata ta fi ƙamshi. Za ta yi murna da ganin jikarta cikin fararen kaya. Amma za ta ɓata rai in ta ga yadda manoman fadama da 'yan kabu-kabu, daga Ambursa har cikin gari, suke haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi kamar gyaɗa don su danne ciwon baya su koma aiki. Wannan ma “da sauƙi” ce, ta kemis. Za ta ɓata rai in ta ga layin asibiti, inda likita ba shi da lokacin tambaya ta farko balle ta biyu. Kuma har gobe in aka ce wa mutum ya ga likitan ƙwaƙwalwa, sai ya duba hagu da dama ya ga ko wani ya ji.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, kuma ba na cikin masu cewa a jefar da al'adarmu. “Da sauƙi” kalma ce mai kyau. Tawakkali ce, kuma ladabi ne, mara lafiya na sauƙaƙa wa mai dubiya nauyi. Laifinmu kawai shi ne mun mayar da ita ƙarshen zance, alhali sallama ce. Ga likitocinmu, musamman masu wuƙa, ina roƙo su san cewa Bahaushen da ke kwance gabansu ya riga ya ba su amsar Allah, tasu tana baya, kuma sai an jira take fitowa. Ga mai shirin aikin baya da aka ce ya fara zama da masanin halayya, ina ce masa ya je kansa a sama. Ba a ce ƙarya yake yi ba, ba a ce ya zare ba. Na ga wadda ta je ta dawo da abin da ta je nema.

Kulu ta ƙara shekara goma sha wani abu bayan aikin. Ciwon da ya ɗauke ta daban ne, na ciki. Na je Argungu da hantsi na same ta kwance, ta rame, jikoki na wasa a tsakar gida. Na ce, “Yaya, ya jiki?” Ta ce, “Da sauƙi, Auta.” Na gyara zama yadda takan yi, na ce wannan ta Allah ce, saura tawa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta kama hannuna.

Ta ce, “Babu sauƙi, Auta. Tahiya ta. Amma ba ni jin tsoro.”

Tukwanenta an raba, murhun ya rushe, masu sayen guminta yawanci sun bi ta. Abin da ya rage shi ne tambayar. Hadiza ta gaya mini tun kafin wannan karatun nata, in mara lafiya ya ce mata da sauƙi takan tsaya ta ce saura tata, ba ta ma san asalin maganar ba, a bakin uwarta kawai ta ji. Yanzu ta sani. Ni kuwa abin da nake riƙe da shi na gani ne a wannan ranar. Da azahar ta yi ta ce a tayar da ita, aka kawo kujera ta ture ta da ƙafa. Mata biyu suka riƙe ta har ta kai ƙasa. Da ta ɗago, haske na shigowa ta taga, na dubi goshinta. Tabon yana nan, baƙi ƙirin, da 'yar ƙasa a jikinsa. Allah ya jiƙan Kulu, ya karɓi wannan sujadar.